Yadda Gidan Na-Dama Ya Koma Gidan Bahago

Na sha jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa abokanku cewa saboda ni ake kiran gidanmu na Dangora Gidan Bahago. Ba ku yi ƙarya ba da kuka ce ni bahago ne, amma sunan ba nawa ba ne, gadonsa na yi. Lokacin da nake yaro Gidan Na-Dama ake ce masa, kuma duk wanda ya kuskura ya kira shi da sunan da kuke kiransa yanzu, to sai dai ya nemi wani garin ya kwana. Tun da na ga kun fara ba jikokina labarin a karkace, bari in miƙe muku shi kafin a wayi gari babu mai miƙewa.

Kakanku Malam Sule dillalin shanu ne a karar Tudun Wada, manomi kuma a gida. Mutum ne mai gaskiya, ban taɓa jin an ce ya ci la'adar da ba tasa ba. Abu ɗaya Allah ya jarrabe shi da shi: ba ya iya ganin an yi aiki da hannun hagu ya yi shiru. Addini ya koya mana ci da sha da miƙa abu da dama, kowa ya san wannan, amma shi Baba sai ya ƙara nasa babin. A wurinsa hagu ba ta nuna hanya, ba ta ɗaga labule, ba ta korar ƙuda in dai ƙudan yana kusa da akushi. Akwai ranar da wani Alhaji ya zo daga Kano sayen sa, yana riƙe da laima a dama, sai ya nuna san da yake so da hagu. Baba ya ce albarka tun kafin a taya. Da mai san ya kama roƙonsa, jama'a suka taru ana ba shi baki, sai ya ɗaga murya yadda duk kara za ta ji.

"Ni Sule, ranar da kuka ga na kai hagu bakina, ku nemo masu haƙa kabari, don na gama zama mutum!"

Daga ranar ya zama Na-Dama, kuma yana son sunan. Sai Allah ya ba shi ni a matsayin ɗan fari. Tun ina rarrafe aka ga da hagu nake kai wa komai cafka. Inna, wato kakarku, ta yi ta ɓoyewa har na fara cin tuwo, abin ya fi ƙarfin ɓoyo. Baba ya samo igiyar rama, duk lokacin cin abinci sai ya ɗaure mini hannun a ƙugu. In ya kama ni na ɗauki fartanya ko alƙalami da shi, tsumagiya ce. Tabon da kuke gani a wuyan hannuna, wanda nake ce muku ƙunar injin ce, to igiyar nan ce. Na koyi ci da dama, na gode Allah, amma rubutuna da dama har na gama makaranta kamar kaza ta yi tono yake. Da na samu aikin kula da injin tura ruwa a Tiga, abin da ya fi albashin faranta mini rai shi ne a ɗakin injin babu mai kallon da wane hannu na riƙe sifana. Kuma da yake ni ne na fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, haka al'ada take. Ina ƙarami "kai yaro" ne, da na girma na zama "mutumin Tiga". Inna kuwa ko kallona ba ta yi in za ta yi mini magana, sai dai ta gaya wa tukunya ko akuya ni kuma in ji.

Abin ya faro ne a shekarun casa'in, lokacin da wahalar fetur ta kai direbobi suna girki a kan layi. Da farko goro ne ya riƙa suɓuce masa. Daga nan sandar kiwo. Wata rana a kara yana tsakiyar ciniki, yatsun hannunsa na dama suka kama rawa su kaɗai, har mai saye ya zaci wata sabuwar alamar farashi ce ya ƙara kuɗi. Kafin damina ta tsaya hannun ya saki, yana lilo a gefensa, ƙafar dama ma ta fara jan ƙasa kaɗan. Babu abin da ba a yi wa hannun nan ba. Wanzami ya yi masa ƙaho har kafaɗar ta koma kamar rariya. An shafa rubutu, an turara, an gasa. Amininsa Ardo Sambo, Bafulatanin da ke zaune da shanunsa a bakin dajin Doguwa, wanda tun suna samari suke cin akushi ɗaya duk ranar kasuwa, ya kawo man shanu haɗe da wasu saiwoyi, aka mulke hannun har karnukan unguwa suna bin Baba zuwa masallaci. Hannu dai bai ce uffan ba.

Mutuwar hannun ba ita ta tsorata mu ba. Abin da ya tsorata mu shi ne Baba ya daina cin abinci. Mutumin da in aka kawo masa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu ba ya amsa sallama sai ya ga gindin akushi, yanzu sai a kai a dawo da shi yadda aka kai. Da hagu ba zai ci ba. Inna ta ce to bari ta riƙa ba shi a baki, ya ce shi jariri ne ko majinyacin da ake wa kalmar shahada? Ya sa aka ɗaure masa ludayi a mataccen hannun, ya riƙa ɗaga shi da gwiwar ƙafa, miya ta tafi kunnensa, sauran ta sauka a kan tunkiyar Inna. Daga ƙarshe ya gano dabara: ya sa a yanko masa karan ganyen gwanda, mai rami a ciki, a ajiye masa kunu a ƙasa, ya rufe ƙofa ya sunkuya yana zuƙa. Duk tsakar gida ana jin ƙarar, kowa kuma yana yin kamar bai ji ba. A kan kunu da farau-farau dattijon nan ya rayu har wuyansa ya zama kamar na zalɓe, hularsa tana faɗo masa a kan ido.

Liman ya zo da kansa, ya zauna ya yi masa bayani da kyau cewa Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, mai lalura ya ci da hannun da ya samu babu laifi a kansa. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Liman, Allah ya ƙara sani. Amma ni na zaɓar wa mahaifinka ragon sunanka, kuma da dama na nuna shi."

Na ɗauki hutu na kai shi asibiti a Kano. Likitan ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da 'yar guduma, ya kankare masa tafin ƙafa da makulli, ya haska masa ido, sannan ya ce ciwon ba a hannu yake ba, a kai yake, sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Na'urar kuwa a lokacin sai a wani babban asibiti can ƙasar Yarbawa. Baba ya kama takalmansa. A mota har muka iso Kwanar Dangora yana faɗa, wai yaro ɗan bana-bakwai ya kalle shi ya ce masa mahaukaci. Gida kuma ya kaure. Inna ta gaya wa turmi cewa wasu mutanen Tiga sun gaji da ubansu, za su kai shi kudu a fasa masa kai kamar kabewa. Ƙannena suka ce ina abin tafiyar? Ni ma tsoro nake ji, kada ku ɗauka jarumta ce ta sa na nace. Na dai san idan aka bar shi, ko ciwon bai kashe shi ba karan gwanda zai kashe shi. Na ce a sayar da shanun huɗa, ko da bana da hannu za mu yi noma. Ardo Sambo ne ya saye su, ya kuma bar su ɗaure a turkensu, wai ba shi da wurin ajiye shanun da suka saba da hayaniyar Hausawa. Shi ne kuma ya shawo kan Baba, ba da lallashi ba.

"Kaɗo, ka je a duba kan nan," in ji shi. "Ni tun muna samari nake cewa babu komai a ciki. Ka je ka kawo mini shaida in ƙarya nake."

Washegari Baba ya sa aka fito masa da kayan tafiya.

Mun sauka a unguwar Hausawa, gidan wani fatken goro ɗan Bebeji. Ranar da aka ba mu a asibiti, Baba ya tashi tun asuba ya sa na taimaka masa ya saka babbar rigarsa ta Sallah mai aska takwas, ya rambaɗa kwalli, ya kafa hula. Tun da an ce hoto, ya ce, ba zai bari Yarbawa su ajiye hotonsa yana kama da ɗan gudun hijira ba. Muka je aka ce babu wuta. Muka koma aka ce akwai wuta, na'ura ce ta ƙi tashi. Haka muka yi ta zarya, kullum kuma sai an sake kwalliyar nan daga farko. Ranar da komai ya daidaita, wata ma'aikaciya ta miƙo masa 'yar riga shuɗiya mai buɗaɗɗen baya, ta ce ya cire tasa, ya cire hula. Kuma da hagu ta miƙo. Na ga gemun Baba ya fara rawa, na yi maza na karɓa, na raɗa masa cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce ya sani, amma ba a ce a yi wankan a kasuwa ba.

Na'urar wani ƙaton zobe ne, kamar an tayar da bakin rijiya tsaye, da siririn gado da ke shiga cikinta. Ɗakin sanyi kamar randa. Da suka kwantar da shi suka ɗaure masa kai da maɗauri, sai ya tambaye ni ina gabas, don in abin ya zo da ƙarar kwana kada a same shi yana kallon yamma. Aka ce kada ya motsa, kada ya yi magana. Aka fitar da ni, ina hangensa ta gilashi, ƙafafunsa kawai a waje, busassu, da kaushin gona. A nan dariyar da nake ta dannewa tun safe ta tafi. Ban taɓa ganin Baba ya bi umarnin wani ba sai ranar, kuma ban ji daɗin ganin ba ko kaɗan.

Likitan da ya karanta mana hoton Bayarabe ne, amma a Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya maƙala wani baƙin faifai a jikin akwati mai fitila, sai ga zagaye-zagaye a jere, kamar an yanka kabewa fale-fale an shanya. Baba ya duba ya duba, ya ce ina fuskar? Ina kwallin? Likita ya yi dariya ya ce wannan hoton na ciki ne, sannan ya ɗora biro a kan wani farin dunƙule mai girman ƙwan zabuwa.

"Baba, ka ga baƙon da ya sauka a gidanka. Ƙari ne, ya daɗe yana girma a hankali. Ita ƙwaƙwalwa kamar gari take, kowace unguwa da aikinta. Wannan unguwar da ya danne, ita ke ba hannu umarni. Hannunka lafiyarsa ƙalau, saƙo ne ba ya isa gare shi. Da ƙarin ya gangaro ƙasa kaɗan, da magana ma ta tafi."

Wannan ta ƙarshen, da na ba da labari a gida, Inna ta gaya wa akuya cewa wasu dai ba su da rabon hutu a duniya.

Baba ya ce ya ji. Ya tambaya a wane gefe baƙon yake. Likita ya ce hagu.

"Kuskure ka yi, ɗana. Hannun dama ne ba lafiya."

"Shi ya sa, Baba. Gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa hannun dama da ƙafar dama. Jijiyoyin suna gittawa ne a gindin kai, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Haka Allah ya yi kowa."

Baba ya miƙe a hankali, ya je ya zare faifan daga jikin akwatin, ya juya shi ta baya ya mayar. Dunƙulen ya koma ɗaya gefen.

"Ka gani? Bai-bai ka sa shi."

Likita bai yi fushi ba. Ya nuna masa ɗan harafin da na'urar ke bugawa a kusurwa don kada a yi irin wannan juyin, wanda yanzu ya koma kamar rubutun madubi. Ya gyara faifan. Baba ya sake juyawa. Sai da likita ya kira wani abokin aikinsa dattijo mai furfura, ya ce masa ya rantse, shi ma ya faɗi haka, sannan Baba ya koma ya zauna. Ya daɗe yana kallon mataccen hannunsa a kan cinya.

"Wato duk shekarun nan," in ji shi, "wannan da nake taƙama da shi, ɗan aiken hagu ne?"

"Haka ne, Baba."

"Shi kuma wannan," ya ɗaga hagun kamar wanda ya tsinci abu a bola, "daga dama yake karɓar umarni?"

"Daga dama."

Likita ya ce ƙarin irin wanda ake iya cirewa ne, don a saman ƙwaƙwalwa ya zauna, bai yi saiwa a ciki ba. Ya ce in an cire, wani lokaci unguwannin da ke maƙwabtaka sukan koyi aikin wadda ta ji rauni, kamar yadda ake yi wa mara lafiya gayya a gona. Wannan hoton ba ya nuna hakan, amma ya ji a ƙasashen waje an fara na'urar da in ka motsa yatsa za a ga unguwar da ta amsa. Sai dai fa ba zai taɓa kan mutumin da iska za ta iya ɗauka ba. Jinin Baba ya yi ƙasa, jikinsa babu tsoka. Mu koma gida ya ci abinci, abinci na gaske, in ya yi nauyi mu dawo, kuma kada mu daɗe, don baƙon ba jira yake ba. Ya ba mu wasu ƙananan ƙwayoyi na rage kumburi, ya ce suna buɗe ciki sosai.

Bai yi ƙarya ba. Muna dawowa Dangora, ƙwayoyin nan suka sa wa Baba yunwar da ban taɓa ganin irinta ba. In ana soya albasa a gida na uku sai ya san da wane mai ake soyawa. Yana zaune a zaure cikinsa na kuka har mai wucewa ya amsa. Amma bai ci ba. Abin da ya yi shi ne ya buɗe makaranta. Duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya zaunar da shi, ya sa a ɗaga faifan saitin rana a bakin zaure, ya nuna ƙwan zabuwar da tsinke, ya yi bayanin gittawar jijiyoyi kamar da shi aka yi aikin. Har daga Kiru da Bebeji dillalai suka riƙa zuwa kallon cikin kan Na-Dama. Ya kan rufe karatun da cewa, tun da hannun hagu daga dama yake karɓar umarni, wanda ya ci da shi bisa lalura a haƙiƙa da dama ya ci. Liman ya ce ai ba ya buƙatar wannan doguwar hanyar, lalurar kaɗai ta isa, kuma tun tuni ya gaya masa. Baba ya ce e, amma shi Liman bai zo da hoto ba. Ardo Sambo ya kalli faifan ya ce to ya janye maganarsa, akwai abu a cikin kan, ko da yake ba na mai kan ba ne.

Na ɗauka an gama. Hujja ta samu, jama'a sun ji, babu mai tuna masa rantsuwar kara sai shi da kansa, mai cewa magana zarar bunu ce. Amma da yamma sai in ji ƙarar karan gwanda daga ɗakinsa. Kwanaki suna tafiya, ƙafar tana ƙara jan ƙasa, hutuna ya ƙare na ƙi komawa Tiga, har aka aiko mini cewa in ban dawo ba za a ba wani ɗakin injin. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a tsakar gida, yadda kowa zai ji, wane irin taurin kai ne zai sa mutum ya zaɓi kabari a kan loma? Inna tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba. Tukunyar ta yi wa magana.

"Wasu dai girman jiki ne da su kawai. Suna zaton kasuwa yake jin kunya. Kasuwa ya ɗaure wa hannu da igiya?"

Wallahi har ranar ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Na aika wa Ardo. Ya zo bayan azahar da ƙwaryar man shanu, aka kawo akushi zaure, tuwon dawa da miyar kuka, man yana narkewa a kai. Na tashi zan ba su wuri kamar kullum, Ardo ya ce in zauna. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, sannan ya cusa hannunsa na dama cikin riga ya miƙa hagu cikin akushi. Ku da ba ku taɓa ganin dattijo mai shekara saba'in yana koyon ci da hagu ba, kun yi asarar kallo. Tuwon ya tsere masa, ya bi shi har bakin akushi, ya kamo, miya ta gangaro ta gwiwar hannu, lomar ta bugi hancinsa ta faɗa cikin gemu. Baba ya yi ta cije baki har ya kasa, ya fashe da dariyar da rabon da mu ji ta tun kafin damina.

"Kai Ardo, ba haka ake yi ba!"

"To, Kaɗo, yaya ake yi?"

Dariyar ta tsaya. Baba ya kalli akushi, ƙamshin man shanu ya cika zauren, cikinsa ya yi wata ƙara mai tsawo. A hankali ya sa hagu a ruwa ya wanke. Ya gutsuro tuwo, ya yi ƙoƙarin mulmulawa, ya wargaje. Ya sake, ya sake wargajewa. Hannun bai taɓa yin wannan aikin ba tun da aka haife shi. Ya zauna da tuwo dame-dame a yatsu, idonsa a ƙasa. Ni ma nawa idon a ƙasa yake, don ba na son ya ga na gani.

"Habu."

Na ɗaga kai ina neman wanda ya yi sallama. Babu kowa. A duk rayuwata wannan ne karo na farko da na ji sunana a bakinsa.

"Habu, yaya ake yi?"

Na naɗe hannun riga na hagu. Na gutsuro tuwo, na mulmula shi da yatsu uku, na lotsa tsakiyarsa da babban yatsa, na ɗebo miya ko ɗigo bai zuba ba. Hannun ya yi abinsa kamar jiya aka kwance shi. Baba ya bi shi da kallo tun daga akushi har sama.

"Ashe duk dukan nan a banza na yi," in ji shi.

Ardo ya ƙyalƙyale da dariya. Baba bai yi ba. Ya kama wuyan hannuna, ya juya shi, ya ɗora babban yatsansa a kan tabon igiyar ya daɗe. Sai ya jawo hannun, da lomar a ciki, ya kai bakinsa. Mutumin da ya ƙi matarsa ta ba shi a baki, ya ƙi sayar da sa saboda an nuna shi da hagu, ya ci tuwo daga hannun da ya ɗaure. Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Ya tauna ya haɗiye, ya lumshe ido, ya ce in sake nuna masa a hankali. A loma ta uku ya yi tasa da kansa, karkatacciya, amma ta isa baki. Ganin haka na gutsuro tawa da hagu zan ci, sai na ji tsawa.

"Kai, mutumin Tiga! Maida hannunka na dama. Kai wace lalura gare ka?"

Ranar akushi biyu aka ƙara, Inna tana gaya wa muciya cewa dama ta san za a rina.

Kafin a girbe dawa Baba ya yi kumatu, muka koma kudu aka yi aikin. Ya fito da ɗinki kamar kofaton doki a gefen kai, wanda shi ma ya shiga cikin darasin zaure. Likita ya ce ya riƙa ba hannun aiki don maƙwabta su koya, sai ya wuni yana tsintar wake daga faifai zuwa faifai. Gayyar ta yi aiki daidai gwargwado: hannun ya dawo har yana musabaha yana jan carbi, amma bai ƙara iya mulmula loma ba. Da hagu ya ci abincinsa har Allah ya karɓi ransa bayan shekaru masu dama, a gaban kowa, a gida da kara. Dillalai suka fara kiransa Bahago don tsokana, ya ce su je a ɗauki hoton nasu kan tukuna su zo su yi magana. Aikin Tiga kuwa na rasa shi, na dawo gona, ban kuma taɓa yin da-na-sani ba. Shanun huɗa suna turkensu har suka tsufa, Ardo bai taɓa samun wurin ajiye su ba.

Sunana bai sake kira ba, sau biyun nan ne, duka a zama ɗaya. Amma ranar da muka fara sharar gona bayan dawowarmu, yana zaune a gindin ɗorawa yana kallo, na ɗauki fartanya da dama kamar yadda na saba a gabansa. Ya ɗaga murya ya ce ci da sha ne aka ce da dama, in daina wahalar da gonarsa, in sake wancan ya yi aikin da aka halicce shi don shi. Na sake shi. Faifan hoton yana nan a ƙasan akwatina, wanda ya so ya ɗaga shi saitin rana ya ga inda sunan gidanku ya fito. In kuma kun ga rubutun nan ya fita tsaf kun iya karantawa, to da hannun da kakanku ya kwance na yi shi.